Motar Baba, takardunta, da wani ƙaramin ofishi a Sabon Gari

Akwai wani ƙaramin ofishi a saman bene a Sabon Garin Zariya da ke yi wa mutane hidimar takardun mota: sabunta lasin, inshora, takardar lafiyar mota, da canjin sunan mai mota. Irinsa suna da yawa daga PZ har Kwangila, kuma bai fi su kyan gani ba. Abin da ya sa nake rubutu a kansa shi ne masu jinyar iyaye irina, waɗanda mota ke ajiye a gidansu, mai ita yana kwance, takardu duka da sunansa, an rasa ta inda za a kama. Mai ofishin ya roƙe ni kada in sa sunansa, ya ce shi ba ya son talla, don haka Malam kawai zan riƙa ce masa. Amma zan faɗi yadda yake aikinsa dalla-dalla, domin ko wani wurin mutum ya je, ya san abin da ya kamata ya gani.

Mahaifinmu tsohon malamin makaranta ne. Da ya ajiye aiki ya sayi Peugeot 406, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ya riƙe ta riƙon da har makanikai ke yabawa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, muka yi jinya a asibitin Shika, aka sallamo mu. Yanzu yana gida a Tudun Wada, nas na zuwa duba shi, ana kuma kai shi gashi asibiti. Hannunsa na dama ba ya riƙe biro, harshensa ya yi nauyi, amma hankalinsa garau yake, alhamdulillahi. Tuƙi kam ya ƙare. Ƙanina ne, autan ɗakinmu, ke jan motar duk lokacin da za a kai shi asibiti, ni kuma da yake ni ce babbar da ke gari, duk wata takarda ta gidan a hannuna take.

Mu ɗaki biyu ne a wurin Baba. Wannan na faɗe shi ne saboda shi ne zuciyar maganar, kamar yadda za a gani.

Abin da ya fara burge ni a ofishin shi ne bai karɓi kuɗi ba sai da ya karanta takardu. Na miƙa masa ledar da Baba ke ajiyewa a akwatin gaban mota. Ya baje su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya: shaidar mallaka, takardar da aka ba da lambar mota da ita, lasin mota, takardar lafiyar mota, sai ta inshora. Ya ɗauki ta inshorar ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malama, ɗauko wayarki, ke za ki danna da hannunki." Na danna *565*11#, na sa lambar motar kamar yadda ya ce. Amsa ta dawo babu wata inshora a kan wannan lambar. Takardar kuwa ga ta nan da hatimi, da kwanan watan da bai ƙare ba tukuna. Ashe wanda ya saba sabunta wa Baba takardu, wani ɗan kamasho da ke tsayawa a bakin titi, takardar bogi yake buga masa. Shekara nawa aka yi a haka, Allah kaɗai ya sani. Raina ya ɓaci ƙwarai, don Baba mutum ne da ba ya wasa da doka, kuma kuɗinsa na fansho yake cirewa yana biya.

Wannan lambar da na danna tana shiga rumbun bayanan da ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa ke riƙewa, wanda ake kira NIID. Duk inshorar mota ta gaskiya tana ciki. Jami'an hanya ma can suke dubawa, ba takardar da ke hannunka kaɗai ba. Duk ofishin da ya yi maka inshora ya hana ka dubawa a gabansa, ko ya ce ka je gida sai bayan mako za ta fito ba tare da ya ba ka lambar da kamfani ya bayar ba, ka riƙe kuɗinka.

Malam ya yi mini bayanin da ban taɓa samun wanda ya zauna ya yi mini ba. Inshorar mota iri biyu ce a wurin yawancin mutane. Akwai ƙaramar, wadda doka ta wajabta tun dokar 1945 ta zamanin Turawa: ba ta gyara motarka, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne, ko a jikinsa ko a dukiyarsa. A da N5,000 ake biya a shekara. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗin N15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. To duk wanda ya ce zai yi maka ita a kan dubu biyar ko bakwai yau, ka san me zai ba ka. Sannan daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara kame a kanta bisa umarnin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun. Ta biyun ita ce babbar, wadda ta haɗa da motarka kanta idan ta yi haɗari, ko ta ƙone, ko aka sace ta. Ita kuma ƙa'idar ita ce ba a karɓar ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Wato motar da aka yi wa kuɗi miliyan 2, mafi ƙaranci N100,000 za a biya a shekara.

Na ɗauka zai tura ni ga babbar, tun da kamashonsa zai fi tsoka. Sai ya tambaye ni sau nawa motar ke fita, ina take zuwa, ina take kwana. Na ce daga Tudun Wada zuwa Shika ne, sai ɗan cefane, kuma cikin gida take kwana. Ya ce, "To ni a ganina ƙaramar ta ishe ku. Abin da za ki ƙara, ki saya wa Baba magani." Wannan maganar ta shige ni, domin duk mai jinyar irin wannan ciwo ya san yadda kuɗi ke zuba tsakanin magani, gashi, da kuɗin nas.

Na yi masa wata tambayar da nake jin da yawa za su yi: tun da mai motar yana kwance, ba za a iya barin inshorar ba sai ya samu sauƙi? Ya ce dokar a kan motar da ta hau titi take, wadda ke ajiye a gida babu mai tambayarta. Amma motar gidan da ake jinya ba ta san lokacin fitarta ba. Ƙarfe biyun dare jiki na iya rikicewa, kuma a irin wannan fitar ne direba ke gudu hankalinsa a tashe. Ban ƙara yin musu ba.

Baba ya daɗe yana ƙyamar inshorar kamfanoni saboda shubuhar riba, dole ce kawai ta sa yake yi. Da na ambata, Malam ya ce akwai takaful, wadda aka gina bisa tsarin Musulunci, kuma NAICOM ɗin ce dai ta ba su lasisi, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. A tsarinsu kuɗin da kowa ya zuba gudummawa ce a asusun taimakon juna, daga ciki ake biyan wanda tsautsayi ya faɗa wa, idan an samu rara kuma akan raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Ɗaya daga cikin kamfanonin takaful muka ɗauka. Kafin in sauko daga benen na sake danna lambar nan, sunan Baba da lambar motarsa suka fito.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya a kai, wato maganar canjin suna.

Yayanmu da ke Abuja ya bugo waya ya ce a mai da takardun da sunan auta kawai, tun da shi ke tuƙawa, a huta da tambayoyin jami'an KASTLEA, wato masu kula da dokokin hanya na jihar Kaduna, da na hukumar kiyaye haɗurra. Niyyarsa mai kyau ce. Na kai wa Malam maganar. Ya lissafa mini abin da ake nema: takardar ciniki ko ta kyauta mai ɗauke da sa hannun mai mota, takardar rantsuwa ta kotu, tsofaffin takardun asali, hotunan fasfo, da katin shaida na ɓangarorin biyu. Sannan ya tambaya, "Baban da kansa ya ce ya ba shi?" Na ce ba mu tambaye shi ba. Ya ajiye biro. Ya ce akwai masu yin irin wannan cikin yini guda, su kama yatsan mara lafiya su dangwala, ko su ƙirƙiri sa hannu, amma shi ba ya yi ko nawa za a ba shi. Ya ce ya ga gidajen da mota ɗaya ta raba 'yan uwa har gaban alƙali.

Kuma gaskiyarsa ce ko ta fuskar addini. Abin da muka sani a fiƙihun Malikiyya shi ne kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da ikon kansa. Wadda aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Ga kuma hadisin da ya yi umarni a daidaita tsakanin 'ya'ya wajen kyauta. A gida mai ɗaki biyu, a wayi gari a ga takardun motar uba sun koma sunan ɗan ɗaki ɗaya alhali uban yana kwance bai iya magana sosai, ko da zuciya ɗaya aka yi, ba za a ga haka ba.

Abin da ya nuna mini shi ne babu ma buƙatar canjin. Ya ɗauko sabuwar takardar inshorar ya sa yatsa a kan layin da ke bayyana waɗanda aka yarda su tuƙa: mai inshorar, da duk wanda ke tuƙi da izininsa, matuƙar yana da lasin tuƙi mai aiki. Ke nan auta yana cikin kariya ba tare da an taɓa sunan kowa ba. Abin da ya rage shi ne a samu shaidar izinin a rubuce, a kuma samu wanda zai riƙa sa hannu a madadin Baba idan ana neman diyya ko sabunta takardu. Wannan kuwa takardar wakilci ce, ya ce ba aikinsa ba ne, in je wurin lauya. Ya ƙara da shawarar da na ji daɗinta: mu nemi likitan Baba ya rubuta cewa hankalinsa daidai yake, a haɗa da takardar, don kada wata rana wani ya ce an yi ne ba ya cikin hayyacinsa.

Ranar da za a dangwala, Malam ya zo gidan da kansa a kan babur, wai yana so ya gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce. Ya buɗe gaban mota, ya goge wurin da tsumma, ya haska da fitilar waya yana karantawa auta yana bi a takarda. Da ya gama aka yi masa iso wurin Baba. Ya cire takalmi, ya durƙusa gefen gado. Baffanmu yana nan, limamin unguwa yana nan, iyayenmu mata biyu suna daga ƙofar ɗaki, da 'yan uwanmu na ɗaya ɗakin.

"Ranka ya daɗe, Baba, ya ƙarfin jiki? Allah ya sa kaffara ne."

Baba ya ɗaga hannun hagu.

"Baba, motar nan, a sayar, ko a ba wani, ko a bar ta da sunanka?"

Aka yi shiru ana jira, don kalma kan daɗe kafin ta fito masa. Can ya ce, "A bar ta." Ya huta, ya ƙara, "Kowa ya hau."

Lauya ya karanta takardar wakilcin da Hausa kowa yana ji: ni ce wakiliya a kan takardun mota da inshorarta kaɗai, ban da sayarwa, ban da kyautarwa, ban da jingina. Baba ya dangwala da babban yatsan hagu, Baffa da Liman suka sa hannu. Baffa ya dubi kowa ya ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na ga fuskar ƙaramar uwarmu ta saki a karon farko tun da aka fara zancen motar. Ni a wurina, wannan zaman ya fi duk takardun da aka buga daraja, kuma da Malam ya karɓi kuɗina ya yi abin da aka fara nema, da ba a yi shi ba.

Lauyan ya ja hankalinmu a kan iyakar takardar, kuma ya kamata masu jinya su sani. Wakilci yana aiki ne muddin mai wakiltarwar yana raye kuma da hankalinsa. Idan tsufa ko ciwo ya taɓa hankali, dangwala yatsa ba ta da amfani, sai a je kotu ta naɗa wanda zai kula da dukiyarsa. Idan kuma ta Allah ta kasance, wakilci ya faɗi nan take, mota ta shiga cikin gado, ba mai sauya mata suna sai da takardar rabon gado daga kotu. Saboda haka wanda mahaifinsa ke da sauran magana a baki, kada ya jinkirta tambayarsa.

Akwai wata shawarar da auta ya kawo, cewa ranakun da ba a zuwa asibiti ya riƙa ɗibar fasinja zuwa Kaduna ko Kano, a samu na magani tun da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023. Malam ya nuna masa wani layin a takardar, inda aka rubuta cewa inshorar ba ta shafi ɗaukar fasinja don kuɗi ba. Motar haya lambarta mai jan rubutu ce, ta gida mai shuɗi, takardunsu da inshorarsu daban. In ya yi haɗari da fasinja a ciki, kamfani zai zame, kuma sunan da za a nema na dattijon da ke kwance ne. Nan maganar ta mutu.

Ƙananan abubuwa ma bai bari ba. Ya sa lambar wayata a kan inshorar maimakon ta Baba, domin wayar Baba a kashe take yawanci, saƙon tunatarwa zai wuce ba wanda ya gani, ga shi layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani kan karɓe. Ya ce asalin takardu su zauna a gida, a bar kwafi a mota tare da kwafin wakilcin. Ya ce in tsautsayi ya faru, auta ya ɗauki hotuna, ya samu rahoton 'yan sanda, a sanar da kamfani da wuri kafin a shiga sasanci a bakin titi. Da ya zo gidan ma sai da ya duƙa ya karanta lambobi huɗun da ke jikin taya, masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, ya ce biyu na baya sun wuce shekara huɗun da hukumar kiyaye haɗurra ke faɗa, ko da yake zanensu bai cinye ba. Ya kuma ce in motar za ta yi makonni ba ta fita, a cire kan batir, a riƙa leƙa cikin inji saboda ɓeraye na cin wayoyi.

To amma wurin yana da nasa aibun, kuma ba ƙanana ba ne ga mai jinya. Benen matsattse ne, babu abin dafawa, tsoho ko mai juna biyu zai sha wuya. Benci ɗaya ne a ciki, maza suka cika shi, mace sai ta tsaya a baranda in ba wani ya tashi mata ba. Malam ba ya ɗaukar waya idan yana aiki, kuma ba ya kiran mutum daga baya, alhali wanda ya baro mara lafiya a gida yana buƙatar ya san ko takardarsa ta fito kafin ya hau Keke Napep. Lasin mota da takardar lafiyarta sun ɗauki lokaci fiye da yadda ya faɗa, ya ce sabis ne ke yankewa a inda ake bugawa. Na yarda da shi, amma da ya sanar da ni ta saƙo da ban yi zuwan banza ba. Abin da na fi so ya gyara shi ne kuɗin hidimarsa. Na gwamnati da na kamfani yana ba da rasit ɗinsu cif, ka ga abin da ya shiga asusun hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, ka ga na inshora. Nasa kuwa da baki yake faɗa, babu shi a rubuce a bango. Bai tsauwala mini ba, kuma bai karɓi ko sisi na zuwa gida ba, amma mutumin da ke aiki da gaskiya haka bai kamata ya bar ƙofar da wani zai yi zargin ana yi wa kowa kuɗi daban ba. Na faɗa masa haka a gabansa, ya ce zai rubuta ya manna.

Wanda ke sauri, yana son a gama masa komai yau ba tambaya, wannan ofishin zai ba shi haushi. Wanda kuma yake riƙe da takardun mahaifi ko mahaifiya, ga 'yan uwa suna kallo, irin wannan wurin ya kamata ya nema, ya tafi da ledar takardun duka, da katin shaidar mai motar, da lasin wanda ke tuƙawa.

Lasin tuƙin auta zai ƙare bayan Sallah. Shi Malam ya ce ba ya karɓar wannan aikin daga hannun kowa, sai dai mai lasin ya je cibiyar da ake ɗaukar hoto da zanen yatsa da ƙafarsa. Mun shirya ranar da zai je, ɗan ƙaramar uwarmu ne zai kai Baba gashi, kuma na riga na kai wa Malam nasa lasin ya duba, yana da sauran shekara biyu.